Ƙaramar Loda Ta Sare a Bakin Aiki: Abin Dubawa Kafin a Kwance Famfo

Kanikawan manyan motoci na Unguwa Uku sun san injin gas ciki da bai. Duk wanda ya bi Titin Zariya daga Gyadi-Gyadi, ya wuce tasha ya doshi Na'ibawa, zai ga tireloli da tifofi an ɗage kawunansu, DAF da MAN da Howo, yara sun shige ƙarƙashi, oga na tsaye yana sauraren kukan inji. Ilimin da ke hannun mutanen nan ba ƙarami ba ne, kuma da shi kaya ke shiga Kano suna fita. Sai dai akwai wata na'ura da kan zo musu jefi-jefi ta dagula lissafi: ƙaramar lodar nan mai kacar roba, wadda 'yan kwangila ke kutsawa da ita lungunan Tarauni da Darmanawa da Hotoro, inda babbar feloda ba ta da wurin juyawa. Da ita ake baje burji, a kwashe ɓaraguzan gini, a loda yashi a tifa.

Ƙorafin da ake kawo ta da shi kusan iri ɗaya ne. "Oga, tana tashi lafiya, tana tafiya lafiya, amma da na soka bokiti a tarin ƙasa sai ta sare." Nan take sai a yanke hukunci: famfo ne, ko nozul. A kwance, a kai wa masu gyara, a kashe kuɗi mai nauyi, a dawo a ɗaura, loda ta koma wurin aiki ta sake sarewa a kan tarin da ya kayar da ita jiya. An bar jaki ana dukan taiki. Abin da nake so mai loda da direbanta da bakanikenta su riƙe shi ne, famfon gas shi ne na ƙarshe a layi. Kafin a iso kansa akwai abubuwa da dama masu araha da suka fi shi yawan laifi.

Ruɗun yana cikin yadda aka ƙera ta. Asalinta daga Amurka ne. Wasu maƙera 'yan'uwan juna, Cyril da Louis Keller, su suka haɗa ta farko a 1957 a jihar Minnesota, saboda wani mai kiwon talo-talo da ke neman abin da zai kwashe masa kashin tsuntsaye a cikin rumfa mai ƙunci. Kamfanin Melroe ya karɓi aikin a 1958, sunan Bobcat ya fito a 1962, mai kaca kuma kamfanin Takeuchi na Japan ne ya fara fitar da ita a 1986. Ba ta da kuloci da giyabos irin na tirela. Aikin injinta kawai ya juya famfunan haidirolik: biyu na tura mai zuwa tirabul moto na hagu da na dama, waɗanda ke juya kaca, ɗaya na ɗaga hannu da bokiti, akwai kuma ƙaramin da ke ciyar da na tafiya. Saboda haka "ba ta da ƙarfi" na iya nufin inji ya gaza, ko kuma inji na lafiya ƙalau amma ƙarfinsa na zubewa a hanya.

Kunne kafin sifana

Kada ka gwada ta da sassafe a gareji, tana sanyi, ba kaya. A haka kusan kowace loda lafiyayya ce. A kai ta inda ta saba kasawa, a bar ta ta yi aiki har mai ya ɗau zafi, sannan direba ya buɗe totur gaba ɗaya ya shiga tarin ƙasa. Kai kuma ka tsaya gefe, nesa da hannu da bokiti, kunnenka na kan inji, idonka na kan salansa.

Ɗayan biyu za ka ji. Ko dai kukan inji ya faɗi, ya riƙa nishi yana neman mutuwa, ko kuma kukan ya zauna daram a sama amma kaca ta ƙi turawa, bokiti ya ƙi tashi. Idan na biyun ne, ka rabu da inji kwata-kwata, ciwon yana ɓangaren haidirolik. Idan na farkon ne, tambaya ta sake rabuwa: injin ne ba ya samun abin da yake bukata, ko wani abu ne ke danne shi fiye da kima?

Ka lura da hannun direba ma. Da yawa daga cikin masu tuƙa ta daga tifa ko tarakta suka fito, kuma a can in kana son ƙarfi ƙara takawa kake yi. A nan akasin haka ne. Duk yadda ka tura libar tafiya gaba, gudu kake nema, ƙarfin turawa na raguwa. Kamar mai keke ne a hawan gada: wanda ya sa babbar giya shi ke sauka ya tura. Totur a buɗe, liba kaɗan-kaɗan, haka ake cin tari. Idan loda mai gudu biyu ce, a tabbata ba a babban gudu aka bar ta ba. Sannan a dubi abin da ake ɗora mata. Bobcat T190, misali, nauyin aikin da aka yanka mata kilo 860 ne da 'yan kai. Busasshen yashi kan kai tan ɗaya da rabi ko fiye a kowace kubik mita, jiƙaƙƙe kuwa, irin wanda tifa ta kwaso yanzu daga kogin Challawa ko Wudil yana ɗiga, yana kusantar tan 2. In an kai bokiti wurin mai walda an ƙara masa baki don aiki ya yi sauri, to ba lodar ce ta lalace ba.

Hayaƙi kuma yana magana. Baƙi ƙirin a lokacin da take nishi yana nufin gas na shiga amma iska ba ta wadatar ba, ko nozul na zuba maimakon feshi. Fari mai yaji a ido gas ne da bai ƙone ba. Fari mai saurin bajewa, ga ruwan lagireto na raguwa, wannan maganar gasket ce. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Wanda aka fi raina shi ne na ƙarshe: inji ya faɗi, salansa kuma tsaf, babu hayaƙi ko kaɗan. Wannan yunwar gas ce, kuma a garin nan ita ce kan gaba.

Hanyar gas, daga tanki zuwa famfo

Loda ba ta zuwa gidan mai da ƙafarta. A jarka ko duro ake kai mata, kuma a nan matsalar take farawa, ko da gas ɗin mai kyau ne daga tushe. Jarkar da aka taɓa zuba wani abu, duron da ya kwana a waje damina ta same shi, mazurarin da ke yashe a ƙasa cikin ƙura, duk suna da rabo a ciki. Ga kuma na gefen titi da ba ka san abin da aka gauraya masa ba. Injin da ke kan silo gas kaɗan yake sha, don haka filtar da ta kusa toshewa tana iya ciyar da shi. Da an shiga tari, bukata ta ninka, filta ta kasa ba da abin da ake nema, inji ya faɗi. Shi ya sa take yaudarar mutane a gareji.

Fara da kofin da ke raba ruwa da gas. Samu farar robar ruwan sha mai tsabta, kwance fulogin ƙasa, ka tara, ka ajiye ta ta natsu. Ruwa zai kwanta a ƙasa da layi a fili. In ka ga baƙin yauƙi tsakanin ruwan da gas ɗin, ƙwayoyin cuta ne ke rayuwa a tankin, kuma canza filta kaɗai ba zai yi ba. Sai an sauke gas, an wanke tanki. Canza filtar ko da an ce ba a daɗe da sa ta ba, don duro ɗaya mai datti ya isa ya kashe sabuwa a yini guda. Tsohuwar kuma kada ka jefar. Yanka ta ka buɗe takardar ciki ka gani: tsatsa, ƙasa, yauƙi, ko ƙyallin ƙarfe. Ƙyallin ƙarfe shi ne mummunan labari, domin yana nuna wani famfo na cin kansa.

Akwai wata alama da ya kamata kowane direba ya sani. Loda ta yi aiki lafiya na ɗan lokaci, ta fara sanyi a hankali har ta mutu, a bar ta ta huta, ta tashi garau, ta sake maimaitawa. Da ta mutu, yi maza ka buɗe murfin tanki kana saurare. In ka ji ya ja iska, ƙofar numfashin murfin ce ƙura ta toshe, tanki ya riƙe gas ɗinsa. Gwada aiki da murfin a sassauce. In ta warke, ka samu ɓarawon, kuma kuɗin murfi kawai za ka kashe. In ba haka ba ne, sai a zargi wani abu mai yawo a cikin tanki, guntun leda ko tsumman da aka toshe jarka da shi, wanda ke manne wa bakin bututu in ana ja, ya saki in an kashe. Lodar da ke da robar famfon hannu a kan layi ta sauƙaƙa maka: in robar ta shafe ta manne yayin da inji ke nishi, toshewar tana tsakaninta da tanki.

Sai shan iska. Tiyon da ke jawo gas daga tanki ba ya yoyo a waje in ya tsage, iska yake zuƙa zuwa ciki, don haka za ka gan shi a bushe ka wuce. Zafin Kano na busar da roba, kilif na sassautawa, washar da ke kan filta na tsufa. Saka guntun farin tiyo mai nuna ciki gab da famfo, ka sa a ba ta kaya, ka kalla. Kumfa na bin layi, iska na shiga.

Gwajin da na fi yarda da shi, wanda ke raba gardama cikin ƙanƙanin lokaci, shi ne na jarka. A samu jarka mai tsabta da gas ɗin da aka amince da shi, a ɗaure ta da kyau a jikin loda nesa da salansa, a ja sabon tiyo daga cikinta zuwa filta, a mayar da layin da ke dawo da gas cikinta. A shiga tarin nan. In ƙarfi ya dawo, famfo da nozul sun kuɓuta, laifin yana tanki ko layi ko gas ɗin kansa. In bai dawo ba, a duba ƙaramin famfon da ke ɗago gas ko yana turowa da ƙarfi, a duba 'yar ragar da wasu injina ke da ita a cikin noti mai rami. A tsofaffin injinan Kubota da Deutz, a kuma tabbata solonoid ɗin kashe inji yana janyewa har ƙarshe, kuma wayar totur tana kai liba har ta taɓa maƙurarta. Waya ta miƙe ko ta yi tsatsa, direba ya buɗe totur duka, famfo kuma rabi ya samu.

Ƙura da zafi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo na sauke ƙura a kan komai, kuma loda tana aiki ne a cikin ƙurar da ita kanta take tayarwa, injinta a baya, ƙasa-ƙasa. Filtar iska biyu gare ta, babba a waje, ƙarama a ciki. Ta wajen a lokacin hunturu kullum ake dubawa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne ganin yaro yana buga ta a jikin kaca don ta kaɗe. Bugun na tsaga takarda ko lanƙwasa bakin roba, kuma ta wannan 'yar kafar ƙura za ta shiga ta cinye ringi da silinda cikin 'yan makonni. In dole sai an hura, a hura daga ciki zuwa waje da iska mai sauƙi, kada matsinta ya wuce ba (bar) 2, sannan a sa tocila a ciki a duba ko haske na fitowa ta wani wuri. Ta cikin ba a hura ta, ba a wanke ta, canzawa ake yi. Cire filta gaba ɗaya "don a ƙarasa aikin yau" kuwa, sayar da inji ne a kan kuɗin yini ɗaya.

In ka cire filta, shafa yatsa a cikin bututun da ya wuce ta. Ya kamata ya fito tsaf. In ka ga ƙura, ta riga ta shiga. Buɗe murfin baƙin mai inji na aiki, ka ga yawan hucin da ke fitowa. Huci mai ƙarfi da hayaƙi alamar ringi sun gaji ne. A mai tobo, bi tiyoyin iska ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi laushi na iya shafewa in inji ya ja da ƙarfi, ya buɗe in an sassauta. Wanda ya tsage bayan tobo kan yi fito, ya bar jiƙar mai a wurin, ga baƙin hayaƙi. Inji a kashe, a sanyaye, taɓa fankar tobo: ta juya sumul, kada ta goga jikin gida. Salansa ma na toshewa. Tsofaffin Bobcat na da fulogi a jikin salansa na fitar da tokar da ta taru, kuma da wuya ka samu wanda ya taɓa kwance shi tun da lodar ta sauka daga jirgi.

Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi ne, rana na haura digiri 40. Lagireto da na'urar sanyaya man haidirolik a jere suke, ɗaya kan ɗaya, kuma tsakaninsu ne ƙura da ƙaiƙayi da guntayen leda ke yin katifa. Daga waje ba za ka gani ba, sai an ɗaga na sama. A hura ta ɓangaren da iska ke fita, don datti ya koma ta inda ya shigo. In an wanke da ruwa a bari ya bushe sarai kafin a koma aiki, in ba haka ba ƙura ta zama laka ta daskare. Lodar da ke da ƙarfi da safe ta yi laushi bayan azahar, nan za ka fara dubawa. Man haidirolik in ya yi zafi da yawa tsinkewa yake, ya riƙa sulalewa ta cikin famfo. Sabbin injina kuma da kansu suke rage ƙarfi in zafi ya kai wani mataki. Cire tamostat, wanda ya zama al'ada a garejinmu, ba ya buɗe lagireton da ya toshe. Ruwan burtsatse zalla kuma yana barin farin gishiri a ciki, ya rage sanyayawa a hankali.

Masu kwamfuta

Yawancin lodojin da ake shigowa da su na hannu ne daga Amurka da Turai, kuma waɗanda aka ƙera daga wajen 2013 zuwa 2015 zuwa yau an yi su ne a kan dokar hayaƙi mai tsauri. Injinsu komon rel ne, matsin gas a cikinsa na kai ba 1,600 ko fiye, kwamfuta ce ke buɗe nozul. Irin su Kubota SVL75-2 da Caterpillar 259D suna da DPF, tukunyar da ke tare baƙin hayaƙi a salansa ta riƙa ƙone shi lokaci-lokaci. Waɗanda suka haura doki 75 da yawansu har da ruwan AdBlue na tsaftace hayaƙi. An ƙera su ne don gas ɗin da sulfa, wato farar wuta, ba ta wuce kashi 15 cikin miliyan ba. A Najeriya an daɗe ana yarda da har 3,000. ECOWAS ta tsayar da 50 a 2020, matatar Dangote ta fara sayar da gas a 2024, abubuwa sun fara gyaruwa, amma ko 50 ɗin ya ninka abin da injin ke so fiye da sau uku, balle gas ɗin duro da ba a san asalinsa ba.

In DPF ta cika, ko bawul ɗin EGR, mai mayar da hayaƙi cikin inji, ya daskare da baƙi, ko wani sensa ya ba da labarin da bai yi wa kwamfuta daɗi ba, sai ta rage ƙarfi da gangan. A irin wannan loda salansa ba ya nuna baƙin hayaƙi, don haka allon gaban direba shi ne bakinta. A rubuta lambar da ta nuna, harafi da adadi, kafin kowa ya cire kan batir. Cire batir don fitila ta mutu goge shaida ne kawai. A duba wayoyi, domin ɓera na son kwana a ɗumin inji, kuma kan batir mai tsatsa ko wayar as da ta sassauta na iya jawo lambobin ƙarya. Barin ta a silo na sa'o'i ana jiran tifa yana cika DPF da wuri. Haka zuba baƙin man tirela na gama-gari maimakon mai ƙarancin toka irin CJ-4 ko CK-4. In fitilar ƙone toka ta kama, a fitar da ita fili, nesa da busasshiyar ciyawa, a bar ta ta gama. Fasa cikin tukunyar da ƙarfe, wanda wasu ke yi, yakan sa kwamfuta ta ƙara rikicewa, hayaƙin kuma ya koma ƙirjin direba da leburori. A ra'ayina, wanda zai sayi loda don aikin ƙauye, nesa da mai na'urar karanta lambobi, tsohuwa marar kwamfuta ta fi masa kwanciyar hankali.

Dabaru biyu na tsohon inji haramun ne a nan. Ba a cika sabuwar filta da gas daga jarka kafin a ɗaura, domin wannan gas ɗin ya tsallake tacewa, kuma ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta lalata nozul. A ɗaura ta a bushe a yi amfani da famfon cire iska. Ba a kuma sassauta bututun nozul inji na aiki don gano silindar da ta mutu. Feshin da zai fito yana huda fata. Haka man haidirolik: ba a laluben yoyo da hannu, da kwali ake yi. Wanda mai ya huda masa fata, ko ramin bai fi na allura ba, ko bai ji zafi sosai ba, a wuce da shi asibiti a lokacin, a gaya wa likita ainihin abin da ya shige shi. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kan Titin Zariya, ga na Ƙashi a Dala. Jinkirin kwana ɗaya na iya cin yatsa ko hannu.

Idan inji ba shi da laifi

Kafin kowa ya sa kai a ƙarƙashin hannun loda, a sa masa ƙarfen tokare da aka yi dominsa. In an ɗaga gidan direba, shi ma a kulle shi. Hannu na saukowa ba sallama in tiyo ya fashe ko wani ya taɓa liba.

Wani lokaci inji lafiyayye ne, danne shi ake yi. Mafi sauƙi, kuma mafi yawan faruwa: maɓallin layin gaba, wanda ake haɗa guduma ko mahaƙi da shi, an bar shi a kunne alhali bokiti ne kawai a ɗaure. Mai na tafiya ya tarar da ƙofa a rufe, ya riƙa tsallakewa ta rilif bawul, inji na ɗauke da kayan da ba a gani, mai na tafasa. Za ka ji wani siririn kuka ko loda na tsaye. Na biyu kaca ce. An cika mata giris ta ɗaure tamau, ko lakar damina ta bushe a tsakanin tayoyin ƙasa, ko wata taya ta daskare. Bayan aiki ka kusantar da bayan hannu ga kowace. Wadda ta fi sauran zafi ita ce. Na uku birki. Birkin irin wannan loda sifirin ne ke kama shi, matsin mai ke sakinsa. In ƙaramin famfon da ke ciyar da na tafiya ya yi rauni, ko filtarsa ta toshe, birki ba ya saki duka, loda na tafiya tana jan kanta. Na huɗu aikin hannun mutum ne: wani ya ɗaure rilif bawul "don ya ƙara mata ƙarfi". Abin da ya ƙara shi ne nauyi a kan inji da haɗarin fashewar tiyo.

In kuwa kukan inji na sama amma aiki ba ya tafiya, duba yawan man haidirolik da kalarsa. Fari kamar madara, ruwa ya shiga. Kumfa, iska ce. Ƙauri, ya ƙone. A Bobcat da yawa bel ne ke haɗa inji da famfuna, kuma in ya saki ko mai ya jiƙa shi sai ya riƙa sulɓewa daidai lokacin da kaya suka yi nauyi, tafiya da ɗagawa su mutu tare. In gefe ɗaya ne kawai ya yi rauni, loda na karkata, to tirabul moto na wannan gefen ne ko rabin famfon da ke ba shi. Akwai 'yar filta a layin da ke kwashe man da ya tsiyaya daga moton, buɗe ta. Garin tagulla a ciki na nufin a tsaya nan take, domin garin zai zaga ya lalata sauran. In tafiya lafiya, ɗagawa ce ta gaza, ko hannu na saukowa da kansa, a nemi sil ɗin silinda ko bawul.

Daga nan kuma sai geji. Matsin ɗaga hannu a yawancinsu yana tsakanin ba 200 da 240, na ƙaramin famfo bai fi 'yan gomiya ba, amma ainihin adadin kowace loda yana cikin littafinta, kuma ana auna shi ne mai na da zafi. Bakaniken da zai taɓa rilif ba tare da geji a ɗaure ba, cikin ladabi ka ce masa, "Malam, a dakata tukuna a samo geji."

Sai an tsallake duk waɗannan ake shiga cikin inji, kuma nan ma da tsari. A fara da saita bawul, wanda ba ya cin komai sai lokaci da gasket ɗin murfi. A auna matsin kowace silinda. Sannan a cire nozul a kai inda za a ɗora su a kan na'urar gwaji, kana tsaye kana ganin feshinsu da idonka. A komon rel, ana iya auna gas ɗin da kowace nozul ke mayarwa baya tun tana jikin inji. Wadda ta fi sauran zubarwa ita ke zubar da matsi. Famfo na zuwa bayan nozul. In har za a cire shi, a yi alamar saiti kafin a kwance noti ko ɗaya, a toshe bakin kowane bututu, kuma kada a yi aikin a fili ana iskar hunturu.

Wajen sayen kaya, ko Ƙofar Ruwa ka nufa ko Sabon Gari ko wurin dila irin Mantrac mai riƙe da Caterpillar, tafi da lambar jikin loda da lambar inji da tsohon abin a hannunka. Filta biyu na iya zama tsayi ɗaya, zare ɗaya, amma ɗaya ta tsohon inji ce mai tace manyan ƙwayoyi, ɗaya ta komon rel mai tare abin da bai wuce maikiron 5 ba, alhali kaurin gashin kai ya kai wajen 70. In famfo ko nozul aka gyara, kada a ɗaura su a kan tankin da ya kashe su: a wanke tanki, a hure layi, a sa sabuwar filta. Duron gas kuma a ɗora shi a karkace a inuwa, a bar shi ya kwana kafin a ɗiba, tiyo kada ya taɓa gindinsa, a riƙa cika tankin loda da yamma bayan an tashi aiki don raɓa ta rasa wurin taruwa. A ajiye ƙaramin littafi a gidan direba, duk abin da aka canza a rubuta shi tare da awannin da agogon loda ya nuna da inda aka sayo gas ɗin ranar.